Bakin Igiya

Injin jan taru bai canza murya ba ranar.
Igiya ce ta zagayo, ta shaƙe, ta ja,
kafin in ce wayyo
manuniya da na tsakiya sun bi safar hannu
sun gangara ƙasan tekun Chiloé.
Baudilio ya ɗaure min damtse da ɗamararsa,
muka juya jirgi da kifi rabin kwando.

An ɗinke. Fata ta haɗe sumul.
Wata bakwai ke nan.
Duk wanda ya gani a bakin gaɓa sai ya ce,
"Ai ka warke, Eleuterio."
Mai faɗin haka bai taɓa kwana da hannun nan ba.

Akwai wani wuri a kan dungun,
bai kai ƙwayar wake ba.
Bakin aljihu ya goge shi,
wuta ta harba har gwiwar hannu.
Maɓallin riga ya zama abokin gaba.
In iskar kudu ta taso
sai in cusa hannu a hammata kamar mai ɓoye kayan sata.
Da dare kuma farcen da ba ya nan
shi ke min ƙaiƙayi.
In kai hannu in sosa, in ji bargo na sosa.

A Puerto Montt, hawa na uku,
likita Ximena Oyarzún ta ƙwanƙwasa wurin da gindin biro.
Na zabura, kujera ta faɗi.
Ta ce, "Yauwa, ga shi nan."
Ta juya takardata ta fara zane a baya.

"Jijiya ba ta san yatsa ya tafi ba.
Kullum tana tsiro, tana laluben gidanta,
ta rasa, sai ta dunƙule
kamar ulun da kyanwa ta kwana tana wasa da shi.
Za mu iya yanke ƙullin,
mu tura bakin can ciki, mu binne a tsoka,
ko mu huda ƙashi mu ɓoye shi
inda aljihu ba zai kai ba.
Wani lokaci takan sake tsirowa, ba zan rufe ka ba.
Ko mu kamo baki biyu, na wannan gefe da na wancan,
mu haɗa su su riƙe juna.
Ko mu yanko 'yar tsoka mu naɗe bakin da ita,
ta sami abin kamawa, ta yi shiru."

Na ce, wanne ne tabbas?
Ta rufe biro. Ta ce babu.
Ƙaiƙayin dare ma, ta ce,
wani sashensa ba a hannu yake ba, yana cikin kai,
wuƙarta ba ta zuwa can.

A jirgin fito ruwan sama na dukan gilashi,
na buɗe zanen a kan gwiwa.
Shekara talatin da ɗaya ina gyaran taru.
Na san igiya:
bakin da aka bari sake shi ke warwarewa,
wanda aka ƙulle ya yi ƙululu, ya sarƙe a ko'ina,
wanda aka saƙa cikin ɗan'uwansa
shi ke wucewa ta cikin gargare ba a ji.
Sai dai igiya ba ta tsiro.
Nan ne sanina ya tsaya.

A gida Fresia ta ajiye kwanon shinkafa ɗanya,
kamar yadda mai gashin ƙashi ta umarta.
Na tsoma dungun, na cije leɓe, na ƙirga ashirin.
Ta jingina madubi a tsakanin hannuwana,
na motsa mai lafiya,
na ga goma cif a kan tebur,
na yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba.

Ranar Talata zan kira su.
Haɗin baki biyun zan ce, ina jin.
Fresia ta ce in bari a haƙe dankali tukuna,
don da yatsu takwas ma ina da amfani,
da bandeji kuwa sai dai in tsaya ina ba da umarni.